Ina ruwan nan ke zuwa in ya janye?

Ɗan Fatakwal: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya, don Allah wanda ya sani ya fitar da ni duhu. Wata uku ke nan da na fara aikin lodi a bakin ruwa nan Fatakwal, inda jiragen kwale-kwale ke ɗaukar kaya zuwa Bonny. Ranar da na fara zuwa da safe, ruwa ya cika maƙil har yana lasar matakalar siminti. Bayan azahar na dawo na tarar babu ruwan, sai baƙin taɓo mai wari, ƙananan ƙaguwa na ta yawo a kai, kwale-kwale sun kwanta a gefe guda kamar shanu a inuwa. Na tsorata ƙwarai, amma na ga mutanen wurin ko a jikinsu. Da daddare ruwan ya dawo. Kullum haka yake yi, sai dai lokacin yana matsawa gaba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wani tsoho mai jirgi ya ce mini wata ne ke jan ruwan. Yau 13 ga wata a lissafinmu, ya ce in zuba ido jibi da gata zan ga babban ruwa. Mu da muka tashi a bakin rijiya da kududdufi ba mu san wannan ba. Gaskiya ne?

Kawu Mai Shanu: Wa alaikumus salam. Ɗana, iska ce. Na fi shekara ashirin ina kai shanu Legas, na sha tsayawa bakin teku. In iska ta taso daga cikin teku sai ta turo ruwa, in ta lafa ya koma. Wata yana can sama, ina shi ina ruwan Fatakwal?

Direban Apapa: Kawu, a yi mini afuwa zan ɗan saɓa maka. Ni ma da haka na ɗauka. To amma in muka yi kwanaki a layin shiga tashar jiragen ruwa, ba abin da muke yi sai kallon ruwa. Akwai ranar da ko ganye ba ya motsi, ruwan kuma ya hau ya sauka a kan lokacinsa. Kuma masu aikin shigo da manyan jirage suna da takarda mai ɗauke da lokacin cikowa da janyewa na shekara guda cur, an buga ta tun kafin shekarar ta kama. Wa ya isa ya rubuta maka iskar da za a yi nan da wata takwas?

Malamar Kimiyya: Direba ya kama bakin zaren. Kawu ma bai faɗi ƙasa ba, domin iska mai ƙarfi tana ƙara wa ruwa tsawo, ita ce ma ke sa teku ya yi ɓarna in ta haɗu da cikowa, kamar yadda aka sha gani a Bar Beach a Legas shekarun baya. Amma hawa da saukar nan ta kullum aikin wata ne, rana na taya shi.

Ƙanena na Fatakwal, ka ce lokacin yana matsawa gaba. Ka riƙe agogo za ka ga wajen minti 50 yake matsawa kowace rana. Yanzu ka tuna da wata: daren 14 yana fitowa daidai faɗuwar rana, washegari sai bayan magariba, gaba kaɗan sai bayan isha. Shi ma kusan minti 50 yake jinkiri kullum, domin yayin da ƙasa ke juyi guda a awa 24, shi ya ɗan yi gaba a kan hanyarsa, sai ta ƙara tafiya kafin ta cim masa. Shi ya sa ruwa ke cikowa sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25. Da rana ce jagora da kullum lokaci ɗaya zai riƙa zuwa kamar sallar azahar.

Kawu Mai Shanu: To Malama, in wata na jan ruwa, ga randa nan a tsakar gidana, ga Tiga, ga tafkin Chadi. Me ya hana ya ja su? Ko ruwan gishiri kaɗai ya sani?

Ɗalibin Samaru: Kawu ai wata kamar maganaɗisu yake, ruwan teku kuma akwai gishiri da ƙarfe a ciki, shi ya sa yake kama shi bai kama ruwan daɗi.

Malamar Kimiyya: A'a ɗalibi, nan ka zame. Ba ruwan gishiri a wannan magana, kuma ba maganaɗisu ba ne. Ƙarfin nan shi ne dai wanda ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa in ya tsinke. Duk abin da ke da nauyi yana jan ɗan'uwansa, gwargwadon nauyinsa da kusancinsa. Wata na jan randar Kawu, yana jan Kawu kansa, yana jan dutsen Dala. Isaac Newton ne ya fara tsara lissafin a 1687.

Abin da ke motsa ruwa shi ne bambancin jan tsakanin wuri da wuri. Wata yana nesa da mu kimanin kilomita 384,400, faɗin ƙasa kuma daga gefe zuwa gefe kusan kilomita 12,700 ne. Ke nan gefen da ke fuskantar wata ya fi ɗaya gefen kusa da shi da kashi ɗaya cikin talatin na dukan tazarar, don haka ya fi jin jan. Randa kuwa daga bakinta zuwa gindinta ko mita ɗaya babu, ruwan da tukunyar da ƙasar da take kai duk ja ɗaya suke sha, ba abin da zai gusa ya bar wani. Teku shimfiɗa ce ta dubban kilomitoci, ɗan turin da ake yi wa kowane ɗigo yana taruwa har ya zama tudu. Ko manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, waɗanda suka ninka Tiga ba adadi, hawan da wata ke sa su yi bai kai santimita 5 ba, iska ma ta fi shi tasiri.

Direban Apapa: Malama ni inda na maƙale shi ne sau biyun nan. Wata ɗaya ne, sau ɗaya yake wucewa ta kanmu a yini. Me ya kawo cikowa ta biyu lokacin da yake can ƙarƙashin ƙafarmu?

Malamar Kimiyya: Wannan tambayar ita ce ke kayar da ɗalibaina kowace shekara, don haka a yi haƙuri in ɗan tsawaita. Ka jera yara uku a layi, mutum ya tsaya gabansu yana jan kowanne da igiyarsa. Na gaba ya ja shi da ƙarfi, na tsakiya da matsakaicin ƙarfi, na baya a hankali. Dukansu gaba suke tafiya, amma me zai faru da tazarar da ke tsakaninsu? Na gaba zai tsere wa na tsakiya, na tsakiya kuma zai bar na baya. In kai ne yaron tsakiya, gani za ka yi ɗaya ya yi gaba ya bar ka, ɗaya kuma ya yi baya ya bar ka.

Yaron gaba shi ne ruwan da ke fuskantar wata, na tsakiya ita ce ƙasar kanta, na baya kuma ruwan ɗaya gefen. Sai aka sami kumburi biyu, ɗaya wajen wata, ɗaya a bayansa. Ƙasa na juyawa, Fatakwal ta ratsa kumburin farko, ruwa ya ciko, ta fita ya janye, ta shiga na biyu ya sake cikowa. Ruwan da ƙanena yake nema bai ɓata ba, ya tafi inda ake cikowa ne a wannan sa'ar.

Ɗan Bortsudan: Salamu alaikum daga bakin Bahar Maliya. Ni an haife ni nan Bortsudan, kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka suka zauna. Gidanmu ba nisa da teku, amma wannan abin da ɗan'uwa ke faɗa na kwale-kwale a kan taɓo ban taɓa ganinsa ba. Ruwanmu da kyar yake motsa taƙi guda a yini. Abin da muka sani shi ne da sanyi ruwan ya fi tsawo, da zafi ya ragu. Alhazai ma shaida ne, Jidda haka take. Shin watanmu daban ne, Malama?

Kawu Mai Shanu: Yauwa! Allah ya yi maka albarka. A ba shi amsa.

Malamar Kimiyya: Kawu, amsar tana kan matan ƙauyenmu. Misalin kumburi biyu da na bayar na ƙasar da ruwa ya lulluɓe ko'ina ne. Amma tekunan duniya a cikin kwano-kwano suke, nahiyoyi sun datse su. Ka ga mace ta ɗauko daro cike da ruwa daga rafi: in takunta ya yi daidai da lilon ruwan, sai ya fara tambal-tambal har ya zubo mata a wuya, shi ya sa ake jefa ganye ko 'yar ƙwarya a ciki. In ka lura kuma, bakin daron nan da can ne ke hawa da sauka, tsakiyar kusan a tsaye take.

Bahar Maliya dogon kwano ne siriri, ƙofarsa ƙunci gare ta. Ruwansa yana lilo tsakanin arewa da kudu, Bortsudan da Jidda kuwa suna wajen tsakiyar daron. Shi ya sa ba ku ganin komai. A Kanada akwai wani lungun teku da ake kira Fundy, lilon ruwansa ya zo kusan daidai da takun wata, sai hawan ya kai mita 16, tsawon bene mai hawa biyar. Legas kimanin mita ɗaya ne, shi ya sa Kawu bai lura ba don igiyar ruwa ta rufe shi. In ka yi gabas wajen Bonny da Kalaba da Duwala ya fi haka, kuma da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai taɓo, saukar mita biyu sai ta yaye fili mai faɗi. A wasu gaɓoɓin tekun Meziko ma sau ɗaya tak ruwa ke cikowa a yini.

Ɗalibin Samaru: Na karɓi gyara, Malama. Amma rana fa? Ta fi wata nauyi sau miliyan 27. Ai ita ya kamata ta fi.

Malamar Kimiyya: A ja kam ta fi shi nesa ba kusa ba, ai ita muke zagayawa. Amma tana nesa kilomita miliyan 150, haskenta ma sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso. A irin wannan nisa faɗin ƙasa ba komai ba ne, yaran nan uku kusan ja ɗaya take yi musu. Don haka abin da take tayarwa a teku bai kai rabin na wata ba.

Nan maganar tsohon mai jirgi ta shigo. Idan rana da wata da ƙasa suka yi layi ɗaya, kumburin rana ya hau kan na wata, sai ruwa ya ciko fiye da kullum ya kuma janye fiye da kullum. Sau biyu ake wannan a wata: lokacin da wata ya ɓuya a ƙarshensa, da lokacin da ya cika. Ruwa yakan yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu kafin ya kai ƙarshen ƙarfinsa, don haka a lissafinmu sai ya faɗo wajen tsayuwar wata, da kuma 15 zuwa 16. A 7 da 8, da 22 da 23, wata na rabi, shi da rana sun yi kusurwa, kowa na ja gefensa, sai hawa da saukar su zama kaɗan.

Baba Liman: Assalamu alaikum. Tun ɗazu jikana ke karanto mini. 'Yata Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ina so yaran zauren nan su san ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Larabawa suna kiransa maddu da jazru, kuma malaman Bagadaza irin su Alkindi da Abu Ma'ashar sun yi rubutu a kansa tun ƙarni na 9, sun kuma danganta shi da tafiyar wata. Allah ya ce a Suratu Yasin ya ƙaddara wa wata masaukai har ya koma kamar tsohon reshen dabino. Wanda ya taɓa ganin busasshen reshen da dabino ke rataye a kai, ya lanƙwashe ya yi siriri, ya ga watan asubar 27. Ni dai tambayata ɗaya ce, kuma ta daɗe a raina: me ke cin watan har ya rame haka?

Ɗalibin Samaru: Allah ya gafarta Malam, inuwar ƙasa ce ke rufe shi kaɗan-kaɗan.

Hajiya Nima: Ɗana, ko ni da ban yi nisa a boko ba na san wannan bai zauna ba. Jinjirin wata da magariba kusa da inda rana ta faɗi yake tsayawa. Su biyun suna gabanmu ta yamma. Yaya inuwarmu za ta faɗa kan abin da ke tsakaninmu da fitila? Inuwa ai baya take zuwa.

Malamar Kimiyya: Hajiya ta gama magana. Allah ya gafarta Malam, ba abin da ke cin sa. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma kullum rabinsa a haske yake rabinsa a duhu. Abin da ke sauyawa shi ne nawa muke hangowa daga rabin mai hasken.

A sa jikan ya gwada yau da daddare. A kashe wutar ɗaki, a kunna tocila a ɗora kan taga, ita ce rana. Ya soke lemo da tsinke ya riƙe a gabansa, kansa shi ne ƙasa. In ya fuskanci tocilar da lemon a tsakani, gefen duhu yake gani: ɓuyan wata ke nan. Ya juya hagu kaɗan, sai siririn haske ya bayyana a gefen lemon, jinjiri ya tsaya. Ya ci gaba har tocilar ta koma gefen kafaɗarsa, rabi. Ya ba ta baya ya ɗaga lemon sama da kansa kaɗan, lemon duka ya haskaka, daren 14. Zagayen nan a sama kwana 29 da awa 12 da minti 44 yake ɗauka, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, bai taɓa 31. Goma sha biyunsu kwana 354, ƙasa da shekarar rana da kusan kwana 11.

Baba Liman: Lissafin nan na ƙarshe a jikina na san shi. Azumi kan zagaye bazara da damina da hunturu ya dawo inda ya faro cikin shekara 33, ni kuwa na kusa kammala zagaye na biyu. Za mu nemo lemon.

Uwar Biyu: To zazzaɓin wata fa? Muna yara in ya kama, sai mu fito da gwangwanaye da faranti muna kaɗawa muna roƙon rana ta saki wata, manya kuma su tafi masallaci.

Malamar Kimiyya: Yaya, a nan ne kaɗai inuwar ƙasa ke aiki. Shi ya sa na ce jikan Baba ya ɗaga lemon sama da kansa, in bai ɗaga ba inuwar kansa za ta rufe shi, husufin wata ke nan. Ba ya yiwuwa sai wata ya cika. Na rana kuma ba ya yiwuwa sai ƙarshen wata, lokacin da wata ya gitta tsakaninmu da ita. Dalilin da ya sa ba a yi kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da ƙasa ke bi, yawanci sai ya wuce ta sama ko ta ƙasan layin. Abin da ke ba ni tsoron Allah a nan: rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, sai suka zo daidai wa daida a idonmu har ɗaya ya iya rufe ɗaya ruf.

Hajiya Nima: Na ga husufin rana da idona ranar Laraba 29 ga Maris 2006 nan Ankara ta ƙasar Gana. Da safe ne, na ɗora tukunyar wake da shinkafa, sai haske ya fara yin wani iri kamar an tace shi da tsumma. Iska ta yi sanyi. Kajin maƙwabciyata suka nufi akurki ɗaya bayan ɗaya. Can sai duhu ya rufe, rana ta zama baƙin faifai da farin gashi kewaye da shi, ga tauraruwa ta fito da hantsi. Unguwa ta ɗauki salati da kabbara. Ƙanwata da ke aure Gusau ta ce su ma haka ya rufe musu da hantsi, har Katsina.

Baba Liman: Ƙarshen Safar ne, na tuna, mun yi sallar kusufi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu an yi kusufin rana a Madina, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Uba ne da ya binne ɗansa a ranar, amma bai bar mutane a kan kuskure ba.

Malamar Kimiyya: Akwai wani babba tafe ranar Litinin 2 ga Agusta 2027. Zai bi ta Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar, inda duhun zai wuce minti 6 a Luksor, sannan ya rufe Jidda da Makka. Don Allah kada kowa ya kalli rana da ido tsirara ko da baƙin tabarau na kasuwa, tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba.

Direban Apapa: To Baba, in har ana iya faɗin ranar kusufi da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, me ya sa har yanzu muke kwana muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi? A bi lissafi mana kowa ya huta da rabuwar kai.

Baba Liman: Ɗana, da gani aka umarce mu: ku yi azumi don ganinsa, ku sha ruwa don ganinsa, in an yi muku hazo ku cika talatin. Hukunci ne da makiyayi a daji zai iya aiki da shi ba sai ya nemi masani ba. Ni a kan wannan nake kuma a kansa zan mutu. Amma ban yarda a ce lissafi ba shi da amfani ba. In masana sun tabbatar wata ya riga rana faɗuwa a wannan yammacin, sannan wani ya zo ya ce ya gan shi bayan magariba, to a bincike shi da kyau, mai yiwuwa guntun girgije ya gani ko wata tauraruwa. Kwamitin ganin wata na ƙasa ai akwai masana falaki a cikinsa saboda irin haka.

Malamar Kimiyya: Ina bayan Baba a nan, kuma Direba ka lura da abu guda. Lissafi yana faɗin daƙiƙar da wata zai daidaita da rana ba kuskure. Ganinsa kuwa ya rataya ga ƙura da gajimare da kaifin ido. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido kawai ya kai awa 15 da rabi bayan daidaituwar, kuma a sama mai tsabta ƙwarai. A cikin ƙurar hunturun Kano kuwa sai ya girmi haka sosai.

Kawu Mai Shanu: Ni abin da ke tayar mini da hankali, a ce yau ɗaya ga wata, ka fita ka gan shi ƙato ya yi sama, ya daɗe bai faɗi ba. Wannan ai ɗan kwana biyu ne, an ci mana rana guda.

Malamar Kimiyya: Ba lallai ba, Kawu. A ce jiya da magariba awa 12 ke gare shi, ido ba zai kama shi ba. Yau da magariba ya zama awa 36, dole ya fito da kauri ya kuma jima a sama, alhali yau ce ranar farko da za a iya ganinsa.

Baba Liman: An yi wannan gardamar tun zamanin sahabbai. Wasu matafiya suka ga jinjiri, wannan ya ce ɗan kwana biyu ne, wancan ya ce uku. Suka tambayi Ibnu Abbas, ya ce na daren da kuka gan shi ne. Yana cikin Muslim.

Uwar Biyu: Tagwayena sun ce in tambaya, tauraruwar nan mai haske da ke raɓar jinjirin wata, wadda muke ce wa Zara matar wata, me ya sa wani lokaci takan ɓace wata da watanni?

Malamar Kimiyya: Ki gaya musu ba ɓacewa take yi ba, komawa asuba take. Zara ta magariba da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniya ce irin tamu da Larabawa ke kira Zuhura. Tana cikin duniyoyi takwas da ke zagaya rana, ita ce ta biyu, mu na uku. Da yake hanyarta na ciki da tamu, ba ta yin nisa da rana a idonmu, ko dai ta biyo bayanta da yamma ko ta riga ta fitowa da asuba, ba za ki taɓa ganinta tsakiyar sama da tsakar dare ba. A madubin hangen nesa ita ma tana yin jinjiri da rabi kamar wata, Galileo ya ga haka a 1610, kuma yana daga cikin hujjojin da suka nuna rana take zagayawa. In kin ga mai haske sosai a tsakiyar sama cikin dare ba ta ƙyaftawa, galibi Mushtari ce, babbar cikinsu.

Kawu Mai Shanu: Na ji maganar daro, ta shige ni. Amma ni sai yaron nan ya auna ya kawo mana. Ɗana, ka ce akwai matakala a wurin.

Ɗan Fatakwal: Akwai, Kawu. Zan sa alama da gawayi.

Ɗan Fatakwal: Salamu alaikum, na dawo da rahoto, yau 23 ga wata. Ranar 15 da 16 ruwa ya haura alamata ta farko, ya shanye matakalar har saura ɗaya, sai da muka janye buhunan garin da muka jibge a bakin. Da ya janye kuwa ya tafi can nesa, har wani tsohon ƙarfen jirgi da ban taɓa sanin yana wurin ba ya fito, mata suka shiga taɓon da bokitai suna tsintar dodon koɗi. Daga 18 ya fara ja baya, kullum alamar na sauka. Jiya da yau bai kai ko kusa da gawayin ba, da ya janye kuma ƙarfen nan bai fito ba. Na duba sama bayan asuba, wata rabi ne cif. Lokacin ma na rubuta a bayan katin waya, kullum yana ƙara wajen minti 50, wata rana ya ɗan fi, wata rana ya ɗan gaza.

Kawu Mai Shanu: Iska fa a kwanakin?

Ɗan Fatakwal: Ranar 16 ko kaɗan babu, Kawu. Jiya ne ma aka yi iska da yayyafi, ruwan kuma bai hau ba.

Kawu Mai Shanu: To na sallama. Kada ka goge gawayin nan, ɗana. In Malama ta yi daidai, ranar da za mu fita duban wata ruwanka zai sake kaiwa alamar sama. Mu za mu tsaya bayan masallacin Idi da magariba, kai ka tsaya a matakalarka, duk wanda ya riga gani ya sanar a nan.

Ɗan Fatakwal: In sha Allah, Kawu. Na gaya wa tsohon mai jirgin, ya ce ranar in zo da wuri mu fitar da kaya kafin ruwa ya janye, don in ya tafi sai mun jira shi awa shida.